Rabon Sadik

In mutum ya ce min, "Hajiya ai kin huta, kina Landan," sai in dube shi in ce Allah Ya sa. Ba na musu, don musun ma ƙarfi yake so, ni kuwa nawa ya ƙare a hawa bas da sauka. Abin da ya tsofar da ni a garin nan ba sanyi ba ne, ba kuma aiki ba. Tambaya ce guda ɗaya: ranar da aka ɗauke ni a makara, wa zai riƙe Sadik?

Sadik shi ne ɗana na fari. Ya haura ashirin, ya fi ni tsawo, har gemu gare shi, amma in ka ajiye masa kuɗi da biskit ka ce ya zaɓa, biskit zai ɗauka ya bar maka kuɗinka. Autism likitoci suka ce, haɗe da jinkirin fahimta. Maganarsa ba ta da yawa, kuma sai wanda ya saba da shi ke gane ta. Ƙanwarsa Jidda a nan aka haife ta. In na yi mata Hausa tana ji sarai, amma amsar da Turanci take zuwa.

Ni a Croydon na fara sanin Landan, ba a wuraren da ake ɗaukar hoto ba. Abbansu karatu ya kawo shi, muka biyo shi, saboda haka duk lokacin sabunta biza sai mu kwashi jiki mu tafi wannan ƙaton ofishin shige da fice mu bi layi. Sadik ba ya jure hayaniya. Da an fara kiran lamba a lasifika sai ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa ya dinga ihu. A Kano in yaro ya yi haka, kafin ki sunkuya wata ta ɗauke shi, wata ta ce kawo shi nan, wata ta yi miki faɗa ma a kan kin bar shi da yunwa. A can kuwa kallo ne kawai, kowa ya ɗan matsa da jakarsa. Wata rana ina durƙushe a kansa, mayafina ya zame, gumi na keto min cikin wannan sanyin, sai wani mai gadi baƙar fata, dattijo, ya zo ya ce mu biyo shi. Ya kai mu wani lungu da babu kowa, ya ciro makullansa ya miƙa wa Sadik yana kaɗawa, ya ce in lambarmu ta zo shi zai kira mu. Ban san sunansa ba, amma har yau ina sa shi a addu'a.

Daga gida an aiko da rubutu, an aiko da hayaƙi, an ce iska ce, an ce baki ne. Mun yi wanda za mu iya. Da Abbansu ya gama karatu na ɗaure kayana a zuciya, na ce to sai gida. Shi ne ya zaunar da ni ya ce, "Binta, yaron nan a nan yana da makaranta irin tasa. In muka koma, ɗaki za a rufe shi." Na yi kuka na ƙoshi, muka zauna. Ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, ni kuma na shiga aikin kula da tsofaffi gida-gida, ina wanke iyayen wasu alhali tawa uwar tana Kano sai a waya nake jin tarinta.

Muka dawo Woolwich, muka karɓi bashin banki muka sayi ɗan flat. Nan ne rayuwa ta ɗan daidaita. Da Sadik ya gama makaranta, council, wato ƙaramar hukumarmu, ta sama masa wata cibiya ta manya irinsa. Kullum da safe ƙaramar bas ta zo ƙofa, ya saɓa jakarsa ya shiga. A can suna shuka, suna koyon haɗa shayi, ana kai su iyo. Council ke biyan mafi yawan kuɗin, ga benefit ɗinsa, kuɗin tallafin da gwamnati ke ba shi, yana shigowa. Ran Asabar ubansa ya ɗauke shi su hau ɗan jirgin ƙasan nan da ba shi da direba, Sadik ya zauna a kujerar gaba yana jin shi ke tuƙi, su je ƙarshen layi su dawo. Ba daɗi muke ji ba, amma muna numfashi.

Sai Abbansu ya faɗi a wurin aiki. Zuciya. Kafin in isa asibitin an rufe masa fuska.

A nan aka binne shi, ana yayyafi. Jama'armu sun yi ƙoƙari, wallahi ba zan ci hakkinsu ba. Takalman masu gaisuwa sun cika baranda har maƙwabcinmu Bature ya fito zai yi magana, da ya ji mutuwa ce ya koma ya kawo fure. Bayan an watse, wurin aikinsa suka biya wasu kuɗi da ake ba iyalin ma'aikacin da ya rasu yana bakin aiki. Da sunana suka zo, cikin asusuna. Tun ranar da na gan su na kasa sukuni. Ni 'yar gidan malamai ce, tun ina ƙarama ake tsoratar da mu da cin dukiyar maraya. Ni da bakina na kira Yaya Lawan, yayan Abbansu da ke Kano, na ce a zo a raba gado, ba zan kwana da hakkin yaran nan a wuyana ba.

Aka zauna a falonmu. Limamin masallacinmu ya zo da wasu dattawa biyu, Yaya Lawan yana kan waya an jingine shi da kwalbar ruwa. Liman ya fitar min da tumunina, ya fitar da na Hajiya mahaifiyar mamacin, saura aka ba namiji biyu mace ɗaya. Rabon Sadik ya fi na kowa. Washegari na je banki na zuba shi cikin asusun da ke da sunansa, wanda benefit ɗinsa ke shiga. Kowa ya yaba. "Hajiya kin sauke nauyi." "Allah Ya yi miki albarka, ba kowace mace ba." Ni ma na ji sakayau, na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Bayan wasu watanni ma'aikaciyar council ta zo duba lamarin Sadik kamar yadda suke yi lokaci-lokaci. Yarinya ce mai fara'a, har ta sha kunun gyaɗana. Ta nemi ganin bayanin asusunsa, na miƙa mata. Na ga fuskarta ta canja.

"Wannan kuɗin fa?" ta ce.

Na gyara zama, har da ɗan alfaharina. "Gadonsa ne. Na ubansa."

Sai ta fara bayani a hankali kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Wai akwai iyakar abin da mutum zai mallaka da sunansa. In ya haura, ɗaya daga cikin benefit ɗinsa zai tsaya, cibiyar ma shi zai dinga biya gaba ɗaya daga aljihunsa. Har wanda aka ba shi tun shigar kuɗin sai an mayar.

Na ce, "Tsaya, 'yar nan. Wato don ubansa ya mutu ya bar masa abu, shi ne laifin? Yaron da bai san fam ɗaya da fam ɗari ba, shi ne yau mai kuɗi?"

Ta ce ta gane, ta ce ta yi haƙuri da jin haka, ta ce doka ce. Su fa haka suke, za su yanka ki suna ba ki haƙuri. Na raka ta ƙofa, ban ce ta gaida gida ba.

Ashe cibiyar nan tsada gare ta ban sani ba, tunda ba ni ke biya ba. Gumin Abbansu na shekara da shekaru ya fara narkewa a gaban idona kamar man shanu a rana. Sai na ce bari in yi dabara, in rage masa kwanakin zuwa don kuɗin su daɗe. To Sadik ina ruwansa da council? Shi dai ya san gari ya waye. Ya sa takalmi, ya saɓa jaka, ya tsaya a bakin ƙofa. In ce, "Sadik, yau babu bas." Ya tsaya. Rana ta ɗaga, yana tsaye. Daga nan sai cizon hannu, sai buga kai a bango. Yaron da ya shekara bai yi haka ba. Ga uba babu, ga bas babu, ba wanda zai iya yi masa bayani. Na rage aikina don in zauna da shi, abin da ke shigowa ya ƙara raguwa.

A wajen wani suna wata ta ja ni gefe ta ba ni lambar wani ɗan ƙasarmu, wai Barista, wai babu abin da ba ya warwarewa. Ofishinsa yana saman wani shagon doya da busasshen kifi kusa da kasuwa, ƙamshin turarensa na faɗa da warin kifin. Ya saurare ni yana kaɗa kai, ya ce, "Hajiya, wannan ai ƙaramin abu ne. Mutanenmu da yawa na fitar." Ya karɓi kuɗin ganinsa. Na koma, ya sake karɓa. Sannan ya kawo shawarar: in kwashe kuɗin in tura gida ta hannunsa, ya saya wa Sadik fili a Abuja, council kuma a ce musu an kashe.

Har na fara jin abin ya kwanta min, na gaya wa Jidda muna cin abinci. Yarinyar nan ta ajiye cokali ta wanke ni tas da Turanci. Ta ce wannan zamba ce, in aka gano za a lissafa kamar kuɗin suna nan, a hana Sadik komai, ni kuma in tsinci kaina a kotu. Ta ce, "Umma, mutumin nan ma lauya ne kuwa? Kin ga shaidarsa?" Na ce ke rufe min baki, yaushe aka haife ki. Amma maganarta ta shige ni. Da na koma in ce na fasa, ya ba ni ko rabin kuɗina, sai na tarar ana kitso a ofishin. Barista ya yi layar zana.

Ana cikin haka na ji ƙullutu a ƙirjina. Na share shi, na ce gajiya ce. Bai tafi ba. Likitanmu ya tura ni babban asibitin Camberwell, aka yi hoto, aka ɗebi nama, aka kira ni ɗaki aka ce in zauna. Ciwon daji ne. Likitar na bayanin magani, ni kuwa ba ciwon nake ji ba. Sadik nake gani tsaye a bakin ƙofa da jakarsa, ba kowa a gidan.

A ɗakin jira na asibitin na haɗu da Mma Memuna. Ina waya da ƙanwata ta Kano, ina ce mata lafiya lau nake, hawaye na zuba. Da na kashe sai wata mata mai jiki da ke gefena ta taɓo ni, ta ce da irin Hausarsu ta zangon Ghana wadda ba ta raba mace da namiji, "Kai Hausa ne? Me ya same ka kana kuka?" Kusa da ita akwai 'yarta Fati, babbar mace, mai irin lalurar nan ta Down, tana ta murmushi tana riƙe da jakar uwar. Mma Memuna ta ɓare lemo ta ba ni rabi. Ban san lokacin da na zazzage mata komai ba, ni da ko 'yan masallacinmu ban gaya wa ba.

Ta dafe kai. "Wayyo! Ka sa kuɗi a sunan yaro? Ni ma saura kaɗan in yi, wata mata a ƙungiyar iyaye ya hana ni. Ni ko kobo ba na sawa a sunan Fati. Akwai abu ana ce mishi trust. Kaman tukunya ne, ka zuba, ka rufe, ka ba mutum biyu su riƙe. A idon gwamnati ba kuɗin Fati ba ne, amma Fati ne yake ci. In na mutu gobe, benefit nashi yana nan, tukunya ma yana nan."

Na ce, "Mma, shekarata nawa a garin nan, ba wanda ya taɓa gaya min."

Ta ce, "Wa zai gaya maka? Mu muna ɓoye yaranmu, muna ɓoye mutuwa. Ka ba ni lambarka."

Ba ta tsaya a baki ba. Ta rufe rumfar abincinta a ranar kasuwa ta raka ni wurin wata lauya da ƙungiyar iyayen ke turawa, tsohuwar Baturiya da gashin kyanwa duk a rigar sanyinta. Wannan ta nuna min shaidarta tun ban tambaya ba. Ta saurara har na gama, sannan ta gaya min abin da ya fi komai ƙona min rai. Wai kuɗin nan, a dokar ƙasar, nawa ne tun farko, da sunana aka biya. Da na zo wurinta kafin in je banki, da an zuba rabon Sadik cikin trust, ya ci gaba da zuwa cibiyarsa, kuɗin ubansa kuma suna ajiye suna yi masa abin da council ba ta yi. Yanzu kuwa sun zama nasa. In aka ɗauke su za a ce ɓoyewa aka yi.

Na ce, "To yanzu sai yaya?"

Ta ce in mayar da shi cibiyar kullum, a biya daga kuɗin, a saya masa abin da yake buƙata na gaskiya, in sun sauka ƙasa da iyakar a sake nema masa tallafin. Wato in zuba ido su tafi. Ta ce, "Na mijinki ba zan iya ceto miki shi ba. Abin da zan iya karewa shi ne wanda ke za ki bari." Flat ɗin, da ɗan abin da na tara, da inshorar wurin aikina. In rubuta wasiyya yadda rabon Sadik ba zai shiga hannunsa ba, sai cikin trust. Daga nan za a dinga saya masa rigar sanyi mai kyau, kuɗin iyo, naman halal, ɗan yawon hutu, duk abin da ke sa rayuwa ta zama rayuwa ba ci da kwana kawai ba. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Wa za ki ba riƙon? Mutum biyu nake so, waɗanda za su daɗe bayanki."

A bas ɗin komawa Mma Memuna na ta hira, ni kuwa hankalina na can ofishin lauya. Ba ƙaramin abu ba ne a zaunar da ke a tsara mutuwarki kamar ana tsara biki.

Na fara zuwa wurin liman, kuma da faɗa na je. Na ce, "Malam, rabon da kuka yi min ga inda ya kai mu." Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya yi salati. Ya ce rabon daidai ne, ba zai janye ko ɗaya ba, amma miƙawar ce aka yi kuskure, kuma da shi a ciki. Ya ce addini ma bai ce a danƙa wa wanda ba ya iya juya dukiya dukiyarsa ba, waliyyi ke riƙewa ya ciyar da shi ya tufatar da shi daga ciki. Na ce to wannan trust ɗin da Turawa ke cewa kuɗin ba nasa ba ne fa, ban hana shi gadonsa ba? Bai yi gaggawa ba, ya ce zai tambayi na gaba da shi. Da ya dawo ya ce in dai kason da Allah Ya ba shi ne cif aka zuba, shi kaɗai ake yi wa hidima da shi, abin da ya rage bayansa kuma ya koma ga magadansa, to in yi. Har ya ce zai yi huɗuba a kai, don ya san ba ni kaɗai ba ce.

Yaya Lawan ne ya ba ni wahala. Da na gaya masa a waya sai ya ce, "Binta, mu mun mutu ne? Ɗan ƙanina, jinina, ki ba wa takarda riƙonsa? Ki tattaro ki dawo gida da shi. Ga ɗaki, ga 'yan'uwansa."

Wallahi maganar ta taɓa ni, don ni ma gidan nake so. Ina so in yi jinya a ɗakin uwata, a dama min koko, in na mutu a kai ni inda aka kai ubana. Kuma na san Yaya ba kuɗin yake hange ba, yana son yaron. Amma shi ma da sanda yake tafiya.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka taɓa yi masa wanka? Ka taɓa riƙe shi yana buga kai? In an ɗauke wuta fanka ta tsaya ya fara ihu, wa zai tashi? Wata na farko kowa zai yi. Bayan shekara fa?"

Ya ce, "Turai ta shiga kanki."

Na ce, "Ta shiga, Yaya. Ta shiga har ƙashina."

Ya ce Allah Ya ba ni lafiya, ya kashe. Mun daɗe ba mu yi waya ba bayan nan.

Cikin masu riƙon trust ɗin, mutum na biyu bai yi wuya ba, wani likita ne abokin Abbansu da yaran ke kira Baba Dakta, ya ce ko ban roƙa ba. Na farkon ne na yi ta kewaye-kewaye. Jidda ta fara aiki ke nan, ga wani yaro ɗan mutunci a Manchester da ake maganarsu. Tun tana ƙarama take haƙuri: ba a zuwa bikin makarantarta saboda Sadik, ba a gayyato ƙawayenta saboda Sadik. Yanzu kuma in ɗaura mata shi har ƙarshen ranta? Na kasa. Ita ce ta tare ni muna dawowa daga ƙarin magani, ina jingine da tagar jirgi, bakina duk ɗaci.

Ta ce, "Umma, ni za ki sa, ko? Ki daina juyi. Tun ina firamare na san ni ce."

Na kama hannunta, na fara sa mata albarka. Ta ce in tsaya, da sharaɗi. Za ta riƙe trust ɗin, za ta bi masa hakkinsa, za ta dinga zuwa ganinsa har ta tsufa. Amma ba a gidanta zai zauna ba. Akwai gidaje da ake zaunar da irinsu su uku su huɗu, kowa da ɗakinsa, da ma'aikata dare da rana. Kuma a fara saba masa yanzu, ina raye, kada ya rasa uwa da gida rana ɗaya.

Na fizge hannuna. "Yayanki? Uwa ɗaya uba ɗaya? Ki kai shi gidan da ake ajiye marasa gata? Me za a ce da mu?"

Ta ce, "Su wa? Masu cewar, wa ya taɓa karɓar miki shi na yini ɗaya?"

Na ce lallai haihuwar Landan ba ta yi min rana ba. Ta yi kuka, na yi. Na yi kwanaki ina amsa gaisuwarta da ka.

Maganin ne ya karya min taurin kai. Ya cinye ni, gashina ya zube, tsayuwa a kicin ma sai na dafa. Wata safiya bas ɗin cibiya ta makara, Sadik ya rikice, na je in riƙe hannunsa kamar yadda na saba. Ya ture ni, ba da nufi ba, na faɗi na bugu da kujera. Ina kwance a ƙasa ina kallonsa yana cizon hannunsa har jini, na kasa tashi. A nan na gane abin da nake shirin bar wa Jidda, ita da cikin fari watarana, ita da miji, ita da aiki. Da yamma na kira ta na ce ta yi mana booking mu je mu ga gidan.

Sa hannu a wurin lauya bai ɗauki lokaci ba. Ni, da Jidda, da Baba Dakta, Mma Memuna na zaune a waje da Fati suna jiranmu. Abin da na yi wata da watanni ina tsoro, kafin shayin da aka zuba min ya huce an gama.

Neman gidan ne ya ja lokaci, sai da aka yi ta zarya da council. Daga baya aka samu wani, ba nisa da mu, mai ɗan lambu a baya. Aka ce a fara da kwanan ƙarshen mako a gani. Ran Juma'a na dafa tuwon shinkafa da miyar taushe na zuba a robobi, na kai shi da kaina. Na tsare shugabar ma'aikatan, wata mata 'yar Kenya, na yi ta zuba: ba ya cin naman da ba halal ba, ba ya son a taɓa masa kai, in ya fara kaɗa jiki a rage fitila, ruwan wanka kada ya yi zafi. Ta ce, "Mama, je ki huta. In da matsala za mu kira."

Na koma gida na ajiye waya a cinyata. Tun da na haife shi ban taɓa kwana ba ya gefen bangona ba. Na ce yanzu za su kira, yanzu za su ce zo ki ɗauki ɗanki ya hana kowa sakat. Har mayafina na ajiye kusa. Asabar ta wuce, wayar ba ta yi ƙara ba. Na duba ko ta lalace.

Ran Lahadi tun kafin lokacin da aka ce na isa. Matar ta tare ni da fara'a.

"Mama, ɗanki ɗan albarka ne. Ya ci, ya yi barci, ya taya mu shanya. Ko sau ɗaya bai neme ki ba."

Ta faɗa ne don in ji daɗi. Na ce alhamdu lillahi.

Yana lambu, shi da wani saurayi irinsa, suna ba shuka ruwa. An sa masa rigarsa a bai-bai, ba wanda ya damu, shi ma bai damu ba. Ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Umma," ya ci gaba da abin da yake yi. Na matsa na ce, "Sadik, ɗauko jakarka mu tafi gida."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "A'a."

Abin da na sha wahalar nema ke nan. Saboda shi na ɓata da Yaya Lawan, na yi gaba da 'yata, na haƙura da kabari kusa da ubana. Allah Ya ba ni, a gaban idona, ina raye. Na tambayi matar ina banɗakinsu, na shiga na kulle, na buɗe famfo don kada su ji, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne ubansa.

Da na gama na wanke fuskata, na gyara ɗankwalina a kan kan da ba gashi, na fito. Na ce da ita, "Mako mai zuwa akwai wuri? A ƙara masa kwana ɗaya."